Hoton da ke aljihun Ba-Komai

Yayana mai gyaran famfo ne, kuma tun muna yara sunansa na gaskiya ya ɓace. Ba-Komai ake ce masa. Ka taka masa ƙafa, ba komai. Ka ari sifanarsa ka ɓatar, ba komai. Matarsa ta rantse ranar da guduma ta fasa masa yatsa, gudumar ya fara dubawa ko ta ji ciwo.

Shekara ashirin da shida ya yi a wani otal mai hawa shida. Tankunan ruwa suna can kan rufi, lif kuwa na baƙi ne, ma'aikaci ba ya shiga. Sau huɗu, sau biyar a rana yake bin matakalar baya da jakar ƙarafa a kafaɗa.

Wata Talata da hantsi ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Sai da ya gama ɗaure famfon ɗakin da yake ciki, ya wanke hannu, sannan ya taka zuwa asibiti da ƙafarsa. Wannan tafiyar ƙafa ita ta cuce shi.

A asibiti suka zura masa siririyar waya ta wuyan hannu har cikin jijiyar zuciya, ta ɗauko hoto, suka sa ɗan ƙarfe suka buɗe wurin. Washegari ina zaune a gefen gadonsa likitar ta zo da hoton.

"Baba, ka ga wannan zoben? Cikin jijiyarka ne. Kitse ya taru a bango ya yi ɓawo, ɓawon ya fashe a nan, jini ya daskare a bakin wurin. Wani nasa kan toshe hanya gaba ɗaya. Naka ya bar 'yar kafa. Amma kada a ruɗe ka, duka biyun bugun zuciya ne."

Yaya ya tashi zaune, fuskarsa ta yi haske kamar an yi masa albishir. "Tsatsa ce ta ɓare a cikin bututu! Likita, ashe sana'armu ɗaya, kun dai fi mu farar riga."

Ta yi dariya, sannan ta ɗaure fuska. Ta nuna masa wani wuri gaba kaɗan inda ɓawon ya yi siriri. Ta ce ban da ɗaukar kaya, ban da hawa bene da nauyi, ta rubuta takarda.

Abu ɗaya Yaya yake so, kuma a iya sanina shi ne roƙonsa na farko a duniya: a mai da shi aiki a siton otal, a hawan ƙasa. Bara da kukun otal ɗin ya yi nasa bugun zuciyar, hutun wata uku aka ba shi, ya dawo aka ajiye masa kujera. Na raka Yaya ofishin manaja don kada ya shiga ya fito da godiya kawai.

Manaja ya karanta takardar, ya juya hoton sama, ya juya shi ƙasa. "Wannan ai kamar tayar mota. Baba, ni ban yi karatun likita ba, amma nan an ce bai toshe duka ba."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, irin wannan ɓarnar a cikin bango take, ba ta..."

"Kuku fa faɗuwa ya yi gaban tukunya, mutum huɗu suka ɗauke shi. Kai an ce da ƙafarka ka je. Bari a gama wankin tankuna, sai mu duba."

Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya taka mini ƙafa. "Ba komai, ranka ya daɗe."

Ba manaja kaɗai zan zarga ba. Mu ma a gida "ƙaramin" muke ce wa ciwon. Ni da nake wannan rubutu, kwana goma da sallamarsa na kira shi ya duba mini famfon banɗaki. Ya zo, ya durƙusa, ya gyara. Hoton yana aljihun rigarsa, har ya fara yagewa a wurin ninki. Duk wanda ya nuna wa sai ya ce, "Allah ya tsare, ai ka auna arziki," ya ci gaba da harkarsa.

Wata biyar bayan nan aka tsince shi tsakanin hawa na huɗu da na biyar, jakar tana kafaɗarsa. Mutum huɗu suka ɗauke shi, kamar yadda ake so. Wurin nan da likitar ta nuna ne ya fashe, wannan karon ya toshe duka. Ya rayu, amma yanzu daga gado zuwa ƙofa sai ya huta.

Manaja ya zo dubiya da kwandon lemo. Ya yarda sosai cewa ciwon gaske ne. Ya yarda har ya ce otal ba zai iya riƙe mai irin wannan lalura ba, ko a sito.

Da ya fita, muka zauna jiran kalmar da muka saba. Yaya ya daɗe yana kallon lemon. Sai ya laluba aljihu ya miƙo mini tsohon hoton.

"Ƙanina, jefa wannan a shara. Ciwon farko bai isa ba, na biyu ya yi yawa."

Ban jefar ba. Yana cikin aljihun teburina, kusa da sifanar da na ara wurinsa na ce ta ɓata.