Idirisu Gadina da Maɗacin Tsakiyar Fili

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina riƙe da kofin koko, ban ko kai baki ba, sai ga wayar Azara. Ta ce, "Baba Garba, abokinka ya tafi." Na ce wane abokin? Kamar ina da saura da yawa.

Mahaifinta ne, Idirisu Gadina. Ɗazu muka dawo daga kai shi, ƙasar maƙabarta ma ba ta fita daga takalmina ba.

Ku yaran da ke buga ƙwallo a filin nan namu na Moshi Zongo, da ku masu keken haya na yalo-yalo da ke fakewa a inuwarsa da rana, kun ɗauka itatuwan nan da kansu suka tsiro. Ni na ga wurin yana fayau, ko akuya ba ta tsayawa.

Zamanin Gwalkwas ne, tutar Turawa ba ta sauka ba tukuna. Sun hana gini a wurin, wai a bar sarari tsakanin gidajenmu da hanyar da suke bi, saboda sauro. Kamar sauro ya san iyaka.

Daga baya Disi, Baturen da ke mulkin garin, ya ce a dasa itatuwa. Aka samo wani saurayi ɗan ƙabilar Moshi da ya biyo masu shanu daga arewa da ƙafa, aka miƙa masa dashe da fartanya. Shi ne Idirisu. Ruwa fa? Ba wanda ya ce uffan. Wanda ya san ranin Tamale ya gane. Mata tun asuba suke kama hanyar dam. In kuma ka tara ruwa a randa ya jima, 'yan tankas masu duba gari su leƙa, su ce sauro ya yi ƙwai, su kifar da shi a gabanka.

Lokacin na bar makaranta, na kafa faifan goro a bakin filin. Ina kallonsa, ina jiran ranar da za a kore shi.

Ya fara da roƙo. Ya je ƙofar masallaci ya ce don Allah a riƙa yin alwala a gindin dashen, ruwan da ke zuba banza ya yi amfani. Aka ce to, Allah ya yi albarka. Ba wanda ya gusa daga inda ya saba tsugunawa.

Sai ya daina roƙo, ya koma rabo.

Wannan layin na Moshi, wancan na Hausawa, can na Zabarmawa, ga na Yarbawa, ga na Dagombawa masu gari. Bayan kwanaki ya zo ya tsaya a kaina, yana juya goro ɗaya kamar zai saya.

"Mai goro, na Zabarmawa ya yi sabon ganye."

"To ni ina ruwana?"

"Ba komai. Na Hausawa dai ya sunkuyar da kai. Amma ni ban faɗa wa kowa ba."

Ƙarya yake yi, ya riga ya faɗa wa kowa. Kafin la'asar na ga dattijon da ba ya gaisa da mu yana jan buta zuwa layin Hausawa, yana mita. Daga nan fa gasa ta kankame. Hamadu Bazabarme, mai sayar da yadi, har alwala yake sabuntawa ba tare da ta karye ba. Muka riƙa tsokanarsa: "Hamadu, wannan tsarkin na Allah ne ko na dogonyaro?" Ya ce mu je mu duba namu, sun yi kama da tsinken sakace.

Haka filin ya rayu, da ruwan alwala da baƙar magana.

Amma akwai maɗaci guda a tsakiya, ba ya layin kowa. Wata rana Idirisu ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Wannan babban, na Hausawa ne. Kai na ba amana. Kada ka faɗa, sauran za su ji haushi."

Na ji kaina ya yi girma. Tun daga ranar, duk ruwan da ya rage a butata, can nake juye shi.

Abu ɗaya ne ya dame ni duk tsawon rayuwata. In na tafi Kumasi sarin goro na daɗe, in dawo in tarar da gindin maɗacin a jiƙe. Wa ke zuba masa? Na taɓa kama Hamadu yana tsiyaya masa ruwa yana waige-waige. Na ce a raina, dubi ɓarawon lada. In na tambayi Idirisu, sai ya ce, "Massa, ka ci goronka."

Turawa suka tafi, albashinsa ya tafi tare da su, shi bai tafi ba. Yana sharar ganye, yana korar awaki, yana raba faɗan mata masu shanya. Lokacin da zazzaɓi ya kusa ɗauke mini uwargida, shi ya kawo ɓawon maɗacin nan har gida, sannan ya koma ya shafe wurin da ya sassaƙa da laka, yana ba itacen haƙuri. Ranar da rumfata ta ƙone, bai yi mini jaje ba. Ya share mini wuri a inuwa, ya shimfiɗa buhu, ya ce, "Kasuwa ta dawo nan."

Ganinmu na ƙarshe, makon jiya ne. Na same shi kwance a tabarma, ya rame sai idanu. Na kai masa labarin da ya riga ya ji: wani ɗan kwangila yana son jera kontena a filin, shaguna, kuma maɗacin tsakiya ne ya tare masa hanya. Manyan zango za su zauna miting ranar Juma'a bayan an sauko, a yanke shawara ko za a ba shi filin.

Na ce, "Ɗan Moshi, amanar nan ta isa haka. Zan tashi a gaban kowa in ce itacen Hausawa ne, ba mu yarda ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Azara ta leƙo tana harararmu. Da ya samu numfashi ya ce, "Ka faɗa, Mai goro. Amma ka yi sauri, kada a riga ka."

Na ɗauka ciwo ne ke magana.

To yau, muna fitowa daga maƙabarta, ɗan marigayi Hamadu ya riƙo hannuna. Ya ce, "Baba, akwai sirrin da tsohonmu ya bar mana. Maɗacin nan na Zabarmawa ne. Baba Idirisu da bakinsa ya ba shi amana." Ban gama haɗiye wannan ba, a ƙofar gidan makoki Mma Sikira mai waace, shinkafa da waken nan, ta ce a kira mata ni. Ta ce na Yarbawa ne, mijinta ya faɗa mata kafin ya cika. Wani dattijo daga unguwar Nyohini da ya ji mu ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce mu daina wasa, Dagombawa aka ba tun kafin mu iya sa wando.

Jama'a, duk shekarun da na yi a kasuwa, ban taɓa iya sayar da huhun goro ɗaya ga mutum biyu ba. Wannan bawan Allah ya ba kowa itace ɗaya, kowa ya tafi yana murna, kowa ya rufe bakinsa har tsufa.

Da aka kira azahar, ba wanda ya gayyaci wani. Sai ga mu duka a gindin maɗacin, kowa da butarsa, muna satar kallon juna. Ƙasar ta koma taɓo. Ɗan Hamadu ya ce, "Baba, matsa, kana tsaye kan namu." Na ce ubanka ma a nan na kama shi yana satar lada.

Abin da nake ta juyawa shi ne, tun yana saurayi ya hango irin wannan ranar? Ko dai ruwa kawai yake nema wa dashensa? Na so in tambaye shi. Na san amsar da zan samu: ka ci goronka.

In kai ma tsohonka ya bar maka wannan sirrin, rubuta a ƙasan wannan rubutun mu gani. Ban ji daga Moshi ba tukuna, kuma ban yarda ya manta da danginsa ba.

Ranar Juma'a ɗan kwangila zai zo neman mai itace ɗaya da zai lallaɓa. Ku zo mu nuna masa yawanmu. Kowa ya taho da butarsa.

Allah ya jiƙan Idirisu. Yadda ya shayar da abin da ba ya iya roƙo, Allah ya shayar da shi daga Alkausara, ya sanya shi a inuwa ranar da babu wata inuwa sai tasa. Allah ya ba Azara da 'yan'uwanta haƙuri.

Duk wanda ya taɓa hutawa a filin nan, ko da jiran fasinja ne, ina roƙonka Fatiha ɗaya gare shi kafin ka wuce.