Majanyin Iya 'Yar'azumi

Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a kasuwar Haɗeja ya san Iya 'Yar'azumi, ko da ta hanyar masifarta ce. Ni Hafsat maƙwabciyarta ce, kunnena ya saba. 'Yar garin Guri ce, a bakin ruwa ta girma, hayaƙin banda ya cinye mata rabin gani. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Ja'afar. Ranar da ya sayar da jirgin kamun kifin mahaifinsa ya tafi Kaduna, ta ce kada ya sake tako mata gida. Shi kuma mai taurin kai, ya bi umarni.

Bana sai ga direba da saƙo: hoton fenti na wata yarinya, 'yar Ja'afar, wadda Iya ba ta taɓa gani ba. Babu ko gaisuwa. Yarinyar tana zaune riƙe da kifi karfasa, ƙafa ɗaya ba takalmi, idonta na kallon gefe.

Iya ta rikice. Neman sulhu ne, ko tsokana? Idan ta kira shi ya gwale ta, ina za ta sa fuskarta?

Ƙawarta Ma'u ta ce, "Takalmi ɗaya ai ƙafarsa ɗaya na hanya. Zuwa zai yi."

Ni kuma na ce kifi a tudu wahala ce, yana cikin matsi. Iya ta ce duk ƙarya muke, kallon gefen nan harara ce, ya koya wa jikarta ƙinta. Da safe ta rataye hoton, da yamma ta kife shi. Har kifi ta ƙona saboda tunani, abin da ban taɓa gani ba. Wallahi ta ba ni tausayi.

Wata Juma'a muna zaune da Ma'u, Iya ta fito da hoton rana, ta kai shi dab da hancinta. Can ta tsaya a kan zanen da yarinyar ke zaune a kai, inda ba wanda ya kula a cikinmu: saƙi ne baƙi da fari, da ƙuna a gefe guda.

Majanyin da ta goya Ja'afar da shi ne. Garwashin banda ne ya ƙona shi. Shekara da shekaru tana zargin Ma'u da ɗauke shi.

Ta share ido da bakin mayafi.

"Ma'u, ki yafe min. Ashe ɓarawon nawa ne." Ta miƙo min wayarta. "Hafsat, nemo min Ja'afar."