Faranti na Talatin da Uku

Shekara ashirin da shida Innata ta yi tana wanke farantan gilas a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, har ake ce mata Uwar Faranti. Karatunta bai wuce firamare ba, amma ita ke dafa romon nan mai daskarewa da ake shuka ƙwayoyin cuta a kai. Da wuyan hannu take auna zafinsa, yadda ake auna madarar jariri. In ya yi zafi ya kashe ƙwayoyin, in ya huce ya yi gudaji. Alfaharinta ɗaya ne: farantinta sumul yake fitowa, ba tabo.

Sai ciwon suga ya buɗe wa Baba gyambo a ƙafa. Aka yi allura har aka gaji, ƙwayar da ke ciki ta ƙi jin magani. Likita ya ce nan da mako uku, in ba sauyi, za a yanke daga gwiwa. Ran nan Inna ta biya kasuwa ta sayo masa takalmi sabo, ƙafa biyu, ta tura ƙarƙashin gadonsa.

"Ke dai ba ki da dama," in ji Baba. "Ɗayan wa zai sa?"

"Mai shi," ta ce.

Shugabar ɗakin gwajin, wata farfesa, ita ta faɗa mata cewa ƙwayar cuta ma tana da nata dodon: wani bairos da ke shiga cikinta, ya hayayyafa, ya fasa ta, 'ya'yansa su faɗa wa maƙwabta. A ruwan ƙazanta ake samunsa, kuma kowace ƙwaya da irin nata. Sai an dace.

To fa! Matar da ba ta yarda ƙuda ya sauka a ɗakinta ba, ga ta durƙushe bakin kwata da kwalba, kullum kafin ta tafi aiki. Bayan mahauta, bayan tasha, ƙarƙashin gada. Wallahi kunya ta ishe ni, har na ce mata mutane na cewa ta taɓu.

"Su ce. Ƙafarsu ce?"

Kowace kwalba a tace ruwanta, a gauraya da ƙwayar gyambon Baba cikin romo mai ɗumi, a zuba a faranti, a sa a akwatin ɗumi zuwa gobe. In ba dodon, ƙwayar ta rufe farantin ruf, dishi-dishi. Faranti talatin da biyu suka fito haka, sumul, irin wanda take alfahari da shi a da. Ta ce ba ta taɓa tsanar aikin hannunta ba sai lokacin.

Saura kwana shida a yanke ƙafar, ta ɗaga na talatin da uku wajen taga. Ɗigo-ɗigo garau, haske na ratsawa, kamar asu ya ci zane. Kowane ɗigo, dodo guda ne ya fara shi, ya cinye na kewaye. Ta ƙirga goma sha tara, ta sake ƙirgawa, sannan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Sauran aikin, na hayayyafa dodon da sa shi a gyambon, na farfesa ne da likitoci, ya kuma ɗauki lokaci. An ɗaga ranar yankan, aka sake ɗagawa. Yatsu biyu sun tafi.

Ranar sallama, Inna ta jawo takalmin, ta kaɗe ƙura, ta durƙusa ta sa masa na dama. Sannan ta cusa auduga a bakin na hagu, inda yatsun suka bar wuri.

"Miƙo ɗayar," ta ce.