Ciyawa a Murhun Baba Mai Jakai

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya ɗauke daminar da ciyawa ta fito a murhun Baba mai jakai. Ni ban yi boko ba, ba na ɗaure shekara da lamba. Abin da na sani, Turawa suna nan ba su tafi ba, kuza tana daraja, kuma duk mai ƙarfi a hannu daga Bebeji, Kiru har Tudun Wada ya nufi Riruwai. Har da mijina, Allah ya jiƙansa, wanda ya kai ni can ya rasu ya bar ni da tukwane da muciya. Da su na riƙe kaina, ina tuwon sayarwa, kuma har yau ban ga macen da ta fi ni iya kaɗa miyar kuka ba.

Ba a barikin kamfani muka zauna ba. A bariki akwai mai gadi, akwai ƙararrawa, akwai mai ce maka tashi ko zauna. Mu namu zango ne a gefen wani rafi, a filin da dagaci ya ba mu aro. Bukkoki ne na kara da ciyawa, irin waɗanda mutum zai kwance ya ɗora wa jaki in zama ya ishe shi. Akwai masu wankin kuza, akwai maƙeri, wanzami, tela, da wasu Fulani da suka kafa a gefenmu suna kawo mana nono. Kowa baƙo ne, don haka ba wanda ya isa ya ce gidan ubansa ne.

Mu muke mulkin kanmu. In magana ta taso, ko ta juji ce, ko ta jakin da ya shiga lambun wani, sai a zauna a gindin tsamiya bayan an dawo daga Juma'a. A yi ta magana har kowa ya gaji, sannan a kafa zana, a ajiye ƙwarya biyu a bayanta, sabuwa ta masu cewa i, tsohuwa ta masu cewa a'a. Kowane murhu yana da tsakuwa ɗaya. Ba a ce kowane namiji ba, murhu aka ce. Shi ya sa ni da nake mace ba miji nake da tsakuwata, daidai da ta Sarkin zango, wanda shi ma da tsakuwa muke ɗora shi, da ita muke sauke shi.

Duk wannan tsari Baba mai jakai ne ya kawo shi. Dattijo ne mutumin Bebeji, shi ya fara kafa bukka a wurin tun ba kowa sai birai. An sha ba shi sarautar zangon yana ƙi. Bukkarsa tana kan tudu kusa da tawa, wurin da ya fi ko'ina kyau, ruwa ba ya kwanciya. Ba shi da mata a lokacin, shi yake dafa abinsa a murhunsa na duwatsu uku a ƙofar bukka. 'Yata yake ce mini. Ranar da mijina ya rasu, shi ya miƙo mini tsakuwar marigayin ya ce, "Murhunki bai mutu ba, riƙe."

Dokar da ta fi kowacce ƙarfi ita ce ta murhu. Da damina mutane da yawa suna komawa gida noma, wasu su dawo, wasu shi ke nan. Don kada fili ya zauna a banza, Baba ya ce duk murhun da ciyawa ta tsiro a tsakiyarsa, filin ya koma hannun jama'a. Amma mai niyyar dawowa sai ya bar wa maƙwabci riƙon wuta. Maƙwabcin ya riƙa ɗebo garwashi yana hura wuta a murhun, toka ba ta sanyi balle ciyawa ta samu wuri. Haka muke yi wa juna, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

A farkon daminar nan Baba ya ɗaura wa jakunansa mangala zai je Bebeji ya duba 'yar'uwarsa. Jama'a suka ce in zai dawo ya taho wa masallacinmu da tabarmi. Ya tsaya a ƙofata ya ce, "'Yata, ga wutata nan."

Na ce, "Baba, ko tawa ta mutu taka ba za ta mutu ba."

Ya yi dariya ya ce, "Kafin gero ya yi kai na dawo."

Gero ya yi kai, Baba bai dawo ba. Ba saƙo, ba labari. Ni kuwa kullum in na sauke tuwo sai in kwashi garwashi a kasko in kai murhunsa, in sa ƙirare, in tsaya har ta kama. Ko ana ruwa sai na je, in kifa tsohon faranti a kai.

A shekarar baƙi sun yi yawa, tudu ya cika, sababbin zuwa sai fadama. Cikinsu akwai ƙanin tela, da matarsa da yara ƙanana. Gaskiya ɗaya ce, sun sha wuya. Ruwa ya shiga bukkarsu ya fi a ƙirga, yaran duk tari. Ba zan ɗora musu laifin da ba nasu ba. Amma shi tela ba tarin yara ne kaɗai ya dame shi ba. Yana son sarautar zango, kuma wanda ke fadama ba a lissafa murhunsa sai ya samu fili a tudu. In ƙaninsa ya hau tudu, tela ya ƙara tsakuwa.

Ranar wata Juma'a ya miƙe a gindin tsamiya, yana gyara hula. Ya ce, "Jama'a, ina da tambaya. Wutar da mai tuwo take hurawa a murhun Baba, wa take dafa wa abinci? Hayaƙi kawai muke gani. Yara suna kwana cikin ruwa, mu kuma muna gadin hayaƙi."

Na ce, "Malam tela, bara da ka tafi Kiru noma, wa ya riƙe maka taka? Ko a lokacin hayaƙin ƙamshi yake yi?"

Aka yi dariya. Ya ce, "Ni na dawo, Yaya. Shi wa ya san ko yana raye?"

"In ya mutu za mu ji. Mutuwar Baba ba za ta ɓuya ba."

Sai na kawo shawara, kuma har gobe ina cewa ba wanda ya kawo wadda ta fi ta. Na ce a buɗe bukkar Baba, ƙanin tela ya shiga da iyalinsa a matsayin baƙi, su fake har mai wuri ya dawo. Na san Baba, da yana nan da kansa zai kwashe musu kaya. Matar ƙanin tela ta ɗago kai ta dube ni, na ga ta so. Amma tela ya ce ƙaninsa ba ɗan raɓe ba ne, ko fili ko babu. Sarkin zango mutum ne mai sanyi, ba ya son ɓacin ran kowa. Ya ce to, a kafa zana. Masu cewa a daina riƙon wutar Baba su jefa a sabuwa, masu cewa a ci gaba su jefa a tsohuwa.

Abin da ba su sani ba, tsohuwar ƙwaryar tawa ce. Ta taɓa tsagewa na ɗinke ta, in abu ya faɗa cikinta ƙararta a dushe take, sabuwar kuwa ƙwal take yi. Ina zaune dab da zana. Duk wanda ya shiga, kunnena yana gaya mini abin da hannunsa ya yi. Maƙerin da Baba ya ɗauko wa uwa a kan jaki tun daga Doguwa, ƙwal. Wanzamin da suke cin tuwo akushi ɗaya, ƙwal. Sarkin zango da kansa, ƙwal. Tsohuwar ba ta yi ƙara ba sai jefi-jefi: tawa, ta wani tsohon Bafulatani, da ta wasu 'yan tsiraru.

Da aka watse, sai ga su ɗaya bayan ɗaya a wurin tuwona. "Wallahi mai tuwo, ni dai Baba na jefa wa." Maƙerin har da girgiza kai. Na zuba masa miya na ce, "Allah ya saka maka daidai da abin da ka jefa." Bai ce amin ba.

Ba a taɓa bukkar a ranar ba, don doka ta ce sai ciyawa ta fito. Sai aka hana ni kai wuta, aka zauna jiran ciyawa. Wannan jiran shi ne abin da ya fi ci mini rai. Manyan mutane masu gemu, in za su rafi sai su ratso ta ƙofar Baba, su saci kallon murhu su wuce. Ruwa ya yi ta zuba a kan tokar har ta zama laka. Wata safiya na fito na ga wani ɗan kore siriri ya leƙo a tsakanin duwatsun. Ba kowa a wurin. Da farce ɗaya zan cire shi. Na daɗe a tsaye, hannuna yana ƙaiƙayi. Amma Baba ne ya koya mini cewa wanda ya jefa tsakuwa ya yarda da abin da ƙwarya ta faɗa, ko ta yi masa daɗi ko ba ta yi ba. Na koma na ɗora tukunyata. Kafin azahar labari ya zaga zango, kafin la'asar an shigar da kayan ƙanin tela.

Sai bayan an gama yankan dawa Baba ya dawo. Da la'asar ne, ina tuƙa tuwo, na hango mutum yana ɗingishi da sanda, jaki ɗaya a gabansa. Ya rame har sai da ya yi sallama na gane shi. Ƙafafunsa duka biyu a naɗe da tsumma. Kurkunu ne ya kwantar da shi a Bebeji, wani na fita wani na tasowa, damina guda bai taka ƙasa ba. Sauran jakunan sun tafi wajen jinya. A bayan wanda ya rage, ga tabarmin masallaci a naɗe.

Ya tsaya ya dubi bukkarsa. Ga shanyar yara a kan dangarsa, ga matar ƙanin tela a tsugune tana dafa tuwo a kan duwatsunsa. Mutane suka fara taruwa, kowa idonsa a ƙasa. Sarkin zango ya zo da sauri yana cewa, "Baba, sannu da hanya. Kuskure aka yi. Juma'a mai zuwa a sake zama, a sake jefawa."

Baba ya ce, "Ciyawa ta fito?"

"Ta fito, amma..."

"To ai ni na ce in ta fito." Ya juyo wurina. "'Yata, kin hura?"

Na ce, "Na hura har ranar da ƙwarya ta hana ni."

"Da ta fito, kin cire?"

"Ban cire ba, Baba."

Ya ce, "Madalla. Ke kin riƙe." Ban taɓa jin yabon da ya yi mini ciwo kamar wannan ba.

Na ce ya karɓi bukkata, ni in sauka fadama. Ya ƙi. Ya ce a sake jefawa a fitar da yaran nan su koma ina? Ya kwance tabarmi ya miƙa wa liman. Sannan ya ce abu ɗaya yake so, duwatsun murhunsa, don tun daga gida ya zo da su, na mahaifiyarsa ne. Matar nan ta zabura za ta sauke tukunya tuwo bai nuna ba, hawaye yana zubo mata. Ya ce, "A'a, 'yar nan, ƙarasa. Yara ba su ci ba."

Ya zauna a ƙasa a ƙofar bukkar da ya gina da hannunsa, ya miƙe ƙafafun nan masu ciwo, yana jira. Ba wanda ya iya tafiya. Tela kaɗai ne bai fito ba, muna jin kekensa yana ta ƙara kamar ɗinkin Sallah ya same shi. Da tuwo ya nuna, matar ta zubo wa Baba a kwano ta durƙusa ta ajiye, yadda ake yi wa baƙo. Ya yi bismilla ya ci, ya ce miyar ta yi daɗi. Aka yayyafa wa duwatsun ruwa suka huce, na taya shi muka sa su a mangala. Maƙeri ya matso zai kama, na dube shi sau ɗaya ya ja da baya.

A masallaci ya kwana, a kan sabuwar tabarmar. Da safe ya kora jakinsa ya bi hanyar Tudun Wada. Na raka shi har rafi, na ba shi tuwo a ƙunshe. Ban sake ganinsa ba. Wasu fatake ne suka kawo mana labarin rasuwarsa kafin wata daminar.

Tela ya samu sarautarsa, amma bai samu zangon da zai mulka ba. Da ruwa ya sake sauka, ba wanda ya ce wa maƙwabci ga wutata nan. Wa zai yarda? Mai tafiya noma sai ya kwance bukkarsa, ya kwashi duwatsunsa, kuma wanda ya tafi da duwatsu ba ya dawowa. Masu tsoron rasa fili suka ƙi tafiya, gonakinsu na gida suka zama saura. Aka daina cika gindin tsamiya. Tudun da aka yi rigima a kansa ya koma fili fetal, ko an ce wa mutum zo ka kafa ba ya so. Ni ma na ɗaure tukwanena na koma Tudun Wada, na tafi da tsohuwar ƙwaryata.

Tun daga lokacin, duk inda aka tara mutane za a yanke magana, ko ta gado ce ko ta rikicin unguwa, abin da nake fara tambaya shi ne, wa ba ya nan? In aka ce wane ya yi tafiya, sai in ce to a jira shi, ko a ajiye masa wurinsa. Suna cewa tsohuwar nan ta cika taurin kai. Su faɗa. Su ba su ga dattijo zaune a ƙasa yana jiran tuwon wasu ya nuna a kan murhun uwarsa ba. Doka ba ta kori Baba ba, shi ya fi kowa girmama ta. Mutanen da ya bar wa wurinsa ne suka gaji da jiransa, suka nemi ciyawa ta yi musu aikin da kunya ta hana su yi da hannunsu.