Ƙashin Jirgin da Baba Ya Ƙera Mini

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka ni da Baba ba mu taɓa zama mun yi hira ba. Ba ya kiran sunana, ni kuma ba na kallon idonsa. Duk maganar da ke tsakaninmu sai ta bi ta bakin Gwaggo, ƙanwarsa da ta rene ni, mace mai son zaman lafiya har ya yi mata yawa.

Baba maƙeri ne a Dogarawa. Ni na gudu daga zuga-zugi na koma Konni gyaran waya. Can muka haɗu mu biyar, duk masu gyara, muka kamu da son ƴan jiragen nan marasa matuƙi, waɗanda ba su fi tafin hannu ba. Tsere muke da su a cikin wani sito na albasa idan ya zama wayam, tsakanin ginshiƙai, don wanda ya tashi jirgi a waje kusa da iyaka sai ya sha tambayar jandarma.

Wata rana nawa ya daki bango, ƙashinsa ya tarwatse. Ƙashin shi ne giciyen da ke riƙe injina huɗu da batir, da zobe huɗu masu kare farfela daga bango. Na zauna na zana sabo a takarda, na matso da injinan kusa da juna don ya riƙa shan kwana da sauri, da niyyar in yanka shi daga farantin roba. Abu ɗaya ne dole, kada ya fi goro ɗaya nauyi.

Da na je gida na manta takardar a ɗakin Gwaggo, ita kuwa ta kai wa Baba. A shekarun nan aiki ya ja baya a maƙerarsa, mutane sun koma wajen masu walda, idonsa kuma ya fara hazo. Bayan mako guda direban taksi ya miƙo mini ƙunshi a tsumma. Ƙashin jirgina ne, na ƙarfe, kowane zobe daidai da zane, an goge shi har yana ƙyalli. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa ƙera mini ko wuƙa ba. Na daɗe ina juya shi, daɗi ya cika ni, amma hannuna ya riga ya gaya mini ba zai tashi ba.

Na ce wa Gwaggo ta yi masa godiya, ta kuma gaya masa ya yi nauyi. Godiyar ta isa, sauran ta haɗiye. Na sake aikawa, sai ta ce masa wai ina tsoron ya lalace. Maƙeri kuwa da nauyi yake gane nagarta, kuma abin kunyarsa shi ne a ce aikinsa ya karye. Ƙashi na biyu ya zo da ƙarin kauri a hannuwan giciyen, na uku har da ƴar gada a tsakiya. Na yi wa Gwaggo faɗa, ta ce ita ba za ta kashe wa yayanta gwiwa ba, yanzu da ya koma hura wuta da safe. In ina da baki, in je in faɗa da kaina. Sau biyu na je har ƙofar maƙera, na gaishe shi, na tsaya kamar an dasa ni, na juyo.

Sai ranar kasuwa ga shi a Konni da Gwaggo, wai ya zo ya ga abin yana tashi. Na robar da na yanka a ɓoye yana cikin jakata, amma ba yadda zan fito da shi a gabansa. Na ɗaura injinan a kan na ukun, muka tafi sito. Na tura maɓalli har ƙarshe. Jirgin ya yi ta kuka, ya ja ciki a kan siminti, ya kaɗa ɓawon albasa, bai ɗaga ko yatsa ɗaya ba. Abokaina, da ba sa barin kowa ya faɗi ba su yi masa dariya ba, duk suka sunkuyar da kai. Da ma sun yi dariyar, da ya fi mini sauƙi.

Baba ya durƙusa ya ɗauki nawa a hannun dama, ya ɗauki na wani abokina, mai ƙashin roba, a hagu, ya auna su kamar yadda masu saye ke auna hauya. Ya sa na kwance injinan, ya naɗe ƙarfensa ya tafi.

Na bi su gida bayan kwana uku. Na same shi zaune a ƙofar maƙera da magagari, ya kawo ƙarfen daf da hancinsa yana gogewa. Gwaggo ta ce tun da suka dawo haka yake. Ya mai da shi siriri kamar tsinke, inda ido bai gani ba ya ci fiye da kima. Ina tsaye ya gwada hannu ɗaya na ƙashin da babban yatsa, sai ya ɓalle.

Ya dubi guntayen a tafinsa. Sannan ya juya wajen Gwaggo, ni kuwa taku biyu ne tsakanina da shi.

“Hwaɗa mai shi yanka robar,” in ji shi. “Ki ce mai ban iya ba.”