Dalmar da Yaya Bukar ya shaƙa

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Bukar makwancinsa, kuma har yau in na ji an ce iskokai ne suka taɓa shi, raina ɓaci yake yi. Dalma ce ta kashe yayana. Na sani, don ni ne malamin kimiyyar gidanmu.

Duk masuncin da ke jefa birgi, wato komar jifa, daga Haɗeja zuwa Auyo ya san shi. Shi ke fasa tsofaffin baturan mota, ya narka dalmar a kasko, ya zuba 'yan dunƙulen da ake ɗaurawa a bakin birgi don ya nutse. A ɗan ɗaki yake aikin, ƙofa a rufe, wai kada iska ta cinye masa gawayi. In ya tashi sai ya kwankwaɗi ƙwaryar nono, ya ce ya wanke hayaƙin. Haka ya taras masu sana'ar suna yi.

Ni kuwa ina can aji ina koya wa yara cewa ƙarfe ma yana tururi: iya zafinsa, iya abin da zai tashi, in ya sami wuri mai sanyi ya sauka ya daskare. Na gani da idona a ɗakinsa. A jikin kwanon rufi, daidai saman murhu, wani gari ya taru kamar gishiri. Na shafo da yatsa na ce, "Yaya, wannan fa dalma ce." Ya yi dariya ya ce, "Malam, abin da ke nutsar da birgi ne zai tashi sama?" Wai ni mai kunyar babban wa, na goge yatsana a riga na fita. Wannan shirun ban yafe wa kaina ba.

Da murɗar ciki ya fara, sai hannu ya kasa riƙe kasko, sai mantuwa da faɗa ba dalili. Dangi suka yi ta yi masa hayaƙi, mutumin da hayaƙi ya gama da shi. Ko da likita ya ambaci ƙoda, an makara.

Me zai ce da ya ga yau? Baturan sola sun cika gari, masu narkawa sun ƙaru, kowa da ƙwaryar nononsa. Ina jin zai yi murna da kasuwar, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Ya bar suna, ya bar birgi mai nutsewa daidai, ya kuma bar ɗakin. Makon jiya na taras da Habu, babban ɗansa mai 'ya'ya uku, a ciki, kasko a kan wuta, ƙofa a rufe. Ya ce, "Baffa, ai ina shan nono." Na kama hannunsa na goga a rufin, na ce ya dubi abin da ubansa ya bari. Wannan karon ban fita ba sai da ya kashe wutar.