Ɗago-Kai Mai Hoto Ya Bi Yayi

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar shagonsa ya san inda laƙabin Ɗago-Kai ya samo asali. Kafin ya latsa kyamara sai ya karkata, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Ɗago kai kaɗan." Ko ka riga ka ɗago har wuyanka ya sage, sai ya faɗa. Shekara talatin da biyu ya yi a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da tabarau. Labule shuɗi a bango, fitila biyu masu lema, madubi da mataji a bakin ƙofa. Hotonsa kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. In hancinka a karkace yake, a karkace za ka karɓe shi a takarda.

Mutum ne mai ji da kansa, kuma ba ya ɓoyewa. Amma akwai wadda kallonta ɗaya ke sauke masa duk wannan, wato Auta, 'yarsa ta ƙarshe. A shagon ta girma, tana jan wayar fitila tana shan faɗa. Ranar da ya hango ta, tana 'yar jami'a, ta fito daga sabon shagon hoto na tsallaken titi ita da ƙawayenta, tana cusa ambulan a jaka da sauri, abinci bai wuce masa ba.

"Baba, ba raini ba ne," in ji ta da ya tare ta da zancen. "Can suna gyara fuska, kowa can yake zuwa yanzu. Naka kuwa sai ya fito da mutum yadda yake."

"To da yaya zai fito? Yadda maƙwabcinsa yake?"

Ta yi dariya, amma ba ta ce za ta daina zuwa ba. Kasuwa ta ja baya, ya jure. Mai gyaran waya ya laƙaba masa Baba Tsohon Yayi, ya yi kunnen uwar shegu da shi. Amma a ce 'yar cikinsa tana jin kunyar aikinsa? Wannan kam ya kasa haɗiyewa.

Sati bai zagayo ba sai ga kwamfuta a kan teburinsa, Auta ce malama. Ta ɗora hannunsa a kan linzamin kwamfutar, ta nuna masa ƙurji a goshin wani direba, ta ce ya latsa. Ya latsa, ƙurji ya ɓace ɓat. Ɗago-Kai ya miƙe zumbur har kujera ta kife.

"Kai! Ina ya tafi? Auta, dawo da shi in sake!"

Ta dawo da shi, ya sake, ya kuma sakewa, yana ƙyalƙyala dariya kamar an yi masa cakulkuli. A satin farko zumuɗi ya sa ya share wa wani malamin makaranta gira ɗaya, ya kuma tsuke wa wata mata kumatu har kunnenta ya bi. Amma hannun da ya saba da aiki ba ya daɗewa yana ɓaranɓarama. Kafin wata uku, masu shagon tsallake da kansu suna leƙowa su ga yadda tsoho yake yi.

Sai layi ya dawo, har bakin shagon mai tabarau. "Kawu, a ƙara min haske." "Kawu, a rage haɓar nan." "Irin na ƙawata nake so, sak!" Shi kuma baki har kunne, yana sharewa yana 'yar waƙa. Tabo, tamoji, furfura, duk ya bi ta kansu. Hotunan da ya jera a gilashin ƙofa suka zama kamar 'yan gida ɗaya. Wani magidanci ma ya zo karɓar hoton matarsa ya tafi da na wata, kuma ko a gida sai da aka ɗan yi gardama kafin a gane. Ɗago-Kai ya sha ba da labarin nan yana dariya har da hawaye. Abin da ya fi masa komai daɗi, Auta ta fara shigowa da ƙawayenta, tana nuna musu kujera da kanta.

Shekara biyu ana haka. Wata ranar Talata da hantsi Auta ta faɗo shagon a guje, takarda a hannu, tana haki.

"Baba, sun ɗauke ni! Teburin karɓar baƙi, a babban kamfanin nan! Hoto suke so yau ɗin nan, na katin aiki da wanda za a kafa a bango."

Ya yi kabbara, ya ba masu jira haƙuri, ya ja ƙofa. Fitila ya gyara sau uku, ya goge gilashin kyamara da gefen rigarsa, abin da yake hana kowa yi. Hoto ashirin ya ɗauka. Suka zaɓi ɗaya, ta tsaya a bayansa tana tsalle-tsalle, ya ɗan ƙara haske, ya kwantar da wani silin gashi, ya ce, "An gama."

"Wannan fa?" Ta ɗora yatsa a kan allo.

Tawadar Allah ce a ƙarƙashin idonta na hagu, ba ta fi kan ɗan yatsa ba. Mahaifiyarta, wadda ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, tana da irinta a daidai wurin. Ranar da aka haifi Auta, matar ta duba jaririyar ta yi dariya ta ce, "Ka ga mai kwaikwayo."

"Ta mahaifiyarki ce fa," in ji shi a hankali.

"Na sani, Baba. A hoto ne kawai." Ta miƙo masa wayarta. Ma'aikatan kamfanin ne goma sha biyu a jere, fuska sumul, ba mai ko ɗigo. "Duba. Ni kaɗai zan fita daban? Kowa ya shigo sai ya kalli wurin. Ka yi wa kowa, sai ni?"

Gaskiyarta, ya yi wa kowa, bai taɓa tsayawa ya tambayi tabon wa yake sharewa ba. Ya kai linzami wurin, ya daɗe bai latsa ba. Ya waiga ya ga idonta cike da roƙo da ɗoki, sai ya latsa.

Auta ta yi ihu ta rungume wuyansa. "Wallahi Baba, ba kamarka a garin nan!" Injin ya fito da hoton, ta karɓa da hannu biyu tana hura masa iska. Kyakkyawar yarinya ce a takardar, irin wadda ake gani a kowane bango. Ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Na ainihin, ka goge shi daga kwamfutar, kar wani ya gani. Ka ji?"

"Na ji."

"Yanzu fa, Baba."

Ya taɓa wani maɓalli da ba ya yin komai. "Na goge."

Ta fita da gudu. Bai taɓa yi mata ƙarya ba sai yau. Ya samu yabon da ya shekara biyu yana nema, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba. Masu jira suna ta ƙwanƙwasa ƙofa, shi kuwa ya buɗe hoton na ainihi, ya ƙara masa girma har ɗigon ya cika allon, ya zauna yana kallo.